Malam Zuberu da Ɗan Magariba

Duk wanda ya saba bin gangaren da ke bayan turken shanu a nan Kumasi, bayan sallar la'asar, ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon mutum ne siriri, cikin kakin gwamnati da wanki ya cinye wa launi. A hannun dama yana riƙe da fitilar ƙwai tun rana ba ta faɗi ba, a hagu tsohuwar tasa, a kafaɗa kuma farin ƙyalle. Idan ya isa bakin rafi sai ya kafa sanduna biyu, ya ɗaura ƙyallen a tsakaninsu, ya rataye fitilar, ya ajiye tasar a ƙasa da ruwan sabulu a ciki. Nan yake alwala, nan yake sallar magariba, shi kaɗai, sauro na yi masa kuka a kunne. Kafin a kira isha'i ya rufe tasarsa da faifai ya hau gida.

Da safe, bayan ya sha kokon matarsa Memuna, sai ya zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi, ya tace ruwan tasar, ya baza abin da ya faɗa ciki a kan farin faranti. Da tsinin gashin kaza yake warewa. Sauro gefe guda, fara da malam-buɗe-littafi gefe guda, sannan wasu 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe da za ka rantse garin barkono ne. Waɗannan su yake ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta adadinsu a littafi, da kwanan wata na Musulunci da na Bature, da ko an yi ruwa jiya ko ba a yi ba. Sai ya gama wannan yake tafiya wurin aikin da ake biyansa dominsa, wato duba shanu da tumakin da fatake ke gangarowa da su daga arewa: ya buɗe baki, ya ɗaga fatar ido, ya sa ma'aunin zafi.

Wannan shi ne Malam Zuberu Gausu, malamin dabbobi. Ya kama aiki a 1930, ya ajiye shi ƙarshen watan jiya, shekara ashirin da takwas ke nan. Ba a yi masa taro ba. Ya miƙa mabuɗin akwatin magani, aka ba shi hannu, ya tako gida da ƙafa. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ko da karatuna bai yi nisa ba, na ga bai kamata mutum irin wannan ya sauka shiru kamar an sauke tukunya ba. Abin da zan faɗa, rabin unguwarmu ta Zango ya gani da idonsa.

Ɗige-ɗigen nan ƙwari ne. Bai kai ƙwayar gero ba, ba ya kuka, ba ka jin saukarsa sai cizonsa. Yana fitowa daga taɓon bakin rafi daidai lokacin da ladan ke gyara murya, shi ya sa Malam Zuberu ya raɗa masa suna ɗan magariba, sunan kuwa ya bi shi. Wata rana ya ɗora mini guda ɗaya a ƙarƙashin madubin ofis mai ƙara girman abu. Na leƙa, sai ga fukafukai masu zane, fari da toka-toka, sak jikin zabo. Na daɗe ina kallo. Har yau nakan yi tunanin wa aka yi wa wannan ado, tunda babu idon da ke ganinsa.

Ya ce mini, "Ai wannan babba ne. Abin da nake bi yana cikin cikinsa, kuma ko wannan madubin ba ya nuna shi. Wani Baturen likita ya ce ko an tace jinin rago da matatar da ta fi kowace ƙanƙantar ido, sai ya wuce."

"To kai ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba. Sawunsa nake gani."

Sawun kuwa a jikin raguna yake. Rago ya taso daga ƙasar Mosi ko daga Gao, dogo, fari, lafiyayye, ya yi tafiyar kwana arba'in ko tari bai yi ba. Ya iso Kumasi, ya kwana bakwai, sai zazzaɓi. Leɓe ya kumbura, miyau ya yi ta zuba, ƙafa ta ƙi taka ƙasa, a ƙarshe harshe ya yi shuɗi ya leƙo waje. Wanda ya tashi ma ya zama ƙashi da fata. Kowa kuma ya san gurgun rago ko majinyaci ba ya yin Layya.

Fatake sun ce jiƙaƙƙiyar ciyawar kurmi ce, cikin ragon arewa bai saba da ita ba. Tsofaffi sun ce baki ne. Shi Malam Zuberu rubutu kawai yake yi, kuma rubutun ne ya nuna masa abin da ya shige wa kowa duhu. Shekarun farkon aikinsa, da Layya ke faɗowa cikin ruwan sama, raguna sun mutu. Da ta ja baya, kamar yadda take yi da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, ta shiga rani, sai ciwon ya ɓace kusan shekara goma, har mutane suka manta da shi. Da ta sake zagayowa ta taka damina, sai ga shi ya dawo. A kuma daidai waɗannan watanni tasarsa ke cika da ɗan magariba.

Akwai kuma wata al'ada ta fatake. Mai saye yana son farin rago, don haka kowace yamma sukan kora garke bakin rafi, su wanke shi da sabulu da soso, su ɗaure shi nan cikin sanyi ya bushe har gari ya waye, kada ya hau tudu ya yi birgima cikin jar ƙasar Kumasi. Wanda ya fi tsabta shi ya fi asara, kuma babu wanda ya haɗa biyun.

A 1951 abin ya kai maƙura. Saura mako biyu Layya, raguna sama da ɗari huɗu suna ɗaure a gangare, talatin sun riga sun mutu. Wani Baturen likitan dabbobi ya zo daga Accra. Mutum ne mai gaskiya, yana jin Hausa, amma ya taɓa ganin annoba ta share shanun ƙasa guda, tsoronta bai bar shi ba. Ya zaga, ya duba, ya ce a ranar Litinin za a yanke garken duka a ƙone, mai lafiya da maras lafiya, a kuma rufe hanyar arewa.

Malam Zuberu, wanda ba a taɓa jin ya musa wa na gaba da shi ba, ya cire hularsa, ya kira shi Masa, wato maigida, kamar yadda ake kiran Bature a nan, ya ce, "Masa, ciwon nan ba ya tsallakawa daga rago zuwa rago."

"Wa ya gaya maka?"

"Littafina."

"Littafi ba ya hana annoba, Zuberu. Idan ta fita daga turken nan ta shiga ƙauyuka, ni za a tambaya, ba kai ba."

"A ba ni kwana goma sha biyu. Zan haɗa mai lafiya da majinyaci wuri ɗaya, su ci a akushi ɗaya, in dai ƙwaro bai taɓa su ba. Wani kuma in ɗaure shi shi kaɗai a bakin rafi, babu majinyaci kusa da shi. Idan mai lafiyan da na haɗa da majinyaci ya kamu, da hannuna zan kunna wutar."

Likita ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Kwana goma. Ko ƙafar rago ɗaya kada ta fita daga nan kafin lokacin."

Mafi yawan garken na Baba Sumaila ne, wani tsohon falke Bamoshe, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya shekara talatin yana bin hanyar nan. Shi ne kuma babban mai cewa ciyawa ce. Da ya ji sharaɗin sai ya tafa hannu, ya dubi Malam Zuberu, wanda yake kira Dokta.

"Dokta, kai da hankalinka? Abin da ko tusa ya fi shi nauyi, shi zai kayar da rago mai ƙaho murɗa uku? Ciyawa ne, wallahi ciyawa ne!"

"To Baba, ciyawar rafin zan riƙa yanko musu, jiƙaƙƙiya, dukansu. In ita ce, ka ga ka ci."

"In na ci, a ƙone mini raguna. In kai ka ci, a ce Sumaila ya tsufa bai san rago ba. Wane irin ciniki ne wannan?"

Gwajin yana bukatar raguna biyu sababbin zuwa, waɗanda ba su taɓa kwana a gangare ba. Ranar kuwa wata lori ta iso daga Bawku da tsakar rana. Malam Zuberu ya zaɓi biyu. Ɗaya ya saya da niyyar Layyar gidansa, shi ya kai bakin rafi ya ɗaure a gindin wata bishiya, nesa da kowa. Ɗayan ya kai shi tsakar gidansa tare da wani majinyacin rago na Baba Sumaila. Sannan ya shiga ɗaki ya kwance gidan sauron da Memuna ta zo da shi ranar aurensu, ya kafa shi a kan sanduna huɗu, ya tura ragunan ciki.

Kafin la'asar gidan ya cika da 'yan kallo. Asantawan da ke sayar da doya a bakin titi ma sun leƙo, suna cewa mutanen Zango sun fara yi wa tumaki gado. Malam Zuberu bai kula su ba. Da rana ta yi ja, ya shiga cikin gidan sauron ya zauna tsakanin ragunan, ya naɗe hannun riga, yana jira ya tabbatar.

Ladan bai gama kiran salla ba ya ji cizo a damtse. Ya duba, ɗige baƙi. Wani ya sauka kusa da shi. Ya ɗaga kai ya ga suna ratsowa ta idon ragar, ba sa ko naɗe fukafuki.

Memuna tana tsugune a gefe tana tace gasarar kokon gobe. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ya shigo ko?"

Ya murtsuke ɗigon da ke damtsensa.

"Shekara ashirin kana ƙirga shi da gashin kaza, ba ka taɓa gwada shi da idon raga ba? Da ka tambaye ni. Ni ce nake kwana a cikinta, ni yake ci."

"Me ya hana ki faɗa tun da rana?"

"Ka tambaye ni? Shigowa ka yi ka kwance mini kayan aure kamar ɗan sanda."

Ya fito ya zauna a kan turmi, ya dafe kai. Kwana ɗaya ya tafi a banza, ragon kuma ya ɓaci, tunda an cije shi a gefen majinyaci. Idan ya kamu yanzu, likita zai ce daga ɗan'uwansa ya ɗauka. Memuna ta matse ƙullin gasararta, farin ruwa yana tsiyaya cikin ƙwarya. Sai ta warware ƙyallen, ta ɗauraye, ta ɗaga shi saitin fitila.

"Dubi wannan. Dusar gero ba ta wuce shi. Iska kuwa tana wucewa, in ba haka ba da bai bushe a kan igiya ba."

Ya karɓa, ya kara a bakinsa ya hura, ya ji iskar a tafin hannu. Ya ce, "Guda nawa gare ki?"

"Uku. Amma ba ni kaɗai ke dama koko a Zango ba."

Washegari Memuna ta bi gida-gida, daga Zango har unguwar Krofrom. Matan koko suka ba da matatansu, wasu da dariya, wasu da gori, aka tara talatin da ɗaya. Suka zauna su shida suka ɗinke su da ƙananan ɗinki ninki biyu. Wani kafinta daga unguwar Anloga ya haɗa katako kamar ƙaramin ɗaki, aka lulluɓe shi, aka binne gefen ƙyallen cikin ƙasa, aka shafe da yumɓu. Kwana tara mutanen unguwa suna shan koko mai tsaki, suna tsine wa ɗan magariba da wanda ya gano shi.

Saura rago mai lafiya, lori kuwa ba za ta sake zuwa ba, tunda hanya a rufe take, sauran ragunan da ta kawo kuma sun riga sun kwana a gangare. Rago ɗaya ne ya rage a Zango wanda bai taɓa sauka gangare ba. Kowace shekara Baba Sumaila ne ke kawo ragon da liman zai yanka a filin Idi, wanda sai an ga jininsa kowa ke sa wuƙa a nasa. Wannan ba ya haɗa shi da garke, a ɗakinsa na kan tudu yake kwana, kusa da murhu. Da azahar sai ga tsohon yana jaye da shi, fari fat, wuyansa da laya.

"Ban yarda da ƙwaronka ba ko kaɗan, koraa," in ji shi. "Amma in Buroni, Baturen nan, ya kunna wuta, har wannan zai ƙona. Ungo. Kuma ka sani matarka ya fi ka hankali."

"Na sani, Baba."

"In ya mutu, kai za ka je ka gaya wa liman. Ni Bawku zan gudu."

Aka shigar da ragon liman da majinyacin tun rana na sama, lokacin da ɗan magariba ke kwance. Daga nan sai jira. Malam Zuberu ba ya buɗe ƙofar sai rana na tsakar ka. Ya zuba musu ciyawar rafi da raɓarta, ya ba su ruwa a kwano ɗaya, ya auna zafinsu, ya rubuta. Sannan ya gangara ya yi wa nasa ragon na bakin rafi haka nan. Majinyacin yana zubar da miyau a cikin akushi, ragon liman yana ci daga ciki. Rana ta biyar majinyacin ya mutu, kansa a jingine da cikin ragon liman. Malam Zuberu ya janye gawar, ya kawo wani wanda ya fi shi jin jiki ya saka. Baba Sumaila ya ga haka ya juya baya, ya ce shi ba zai iya kallo ba. Amma kullum da hantsi yana nan, ya manna ido a jikin ƙyallen.

A cikin kwanakin nan Malam Zuberu ya roƙi fatake su daina wankan yamma, su hau da garke kan tudu kafin la'asar, su hura hayaƙin ɗanyen ganye ta inda iska ke busowa. Kusan rabi suka yarda. Sauran suka ce jan rago ba ya sayuwa.

Rana ta bakwai ya gangara da ma'auninsa, ya tarar da ragonsa tsaye, kai a ƙasa, bai taɓa ciyawar jiya ba. Na bi shi ranar, na ga fuskarsa. Ya duba ma'aunin sau biyu. Abin da yake fata ne ya samu, kuma ragon Layyarsa ne. Ya shafa masa wuya ya ce, "Yi haƙuri," sannan ya zaro littafi ya rubuta.

Rana ta goma likita ya zo da motarsa, da galan-galan na kananzir a baya. Ya fara zuwa bakin rafi, ya ga ragon Malam Zuberu kwance, leɓe a kumbure, harshe ya fara shuɗi, babu wata dabba kusa da shi ko da taki ɗari. Ya hau gidan, ya sunkuya ya shiga ɗakin ƙyallen da kansa. Ya buɗe bakin ragon liman, ya murza ƙafafunsa, ya sa ma'auni. Ragon ya gaji da shi, ya ja da baya ya kai masa karo a gwiwa.

Daga waje Baba Sumaila ya ce, "Lafiyarsa lau paa!"

Likita ya fito yana ɗingishi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Rago ɗaya ba hujja ba ne, Zuberu. Kuma kwana tara ya yi, ba goma ba."

"Gaskiya ne, Masa. Kuskurena ne ya ci kwana ɗaya."

"To me kuma gare ka?"

Malam Zuberu ya shiga ɗaki ya fito da littattafai goma sha ɗaya, ɗaure da igiyar rama. Likita ya zauna a kan bencin da masu shan koko ke zama, ya fara buɗewa. Inda aka yi ajami, Malam Zuberu ya karanta masa. Shekara ashirin da ɗaya na ruwa da rani, na ƙwari da gawa, suna tafiya tare kamar sawun ƙafa biyu. A shafi na ƙarshe akwai na wannan makon: cikin garken da ya hau tudu, uku suka kamu, cikin wanda ya zauna a gangare, ashirin da shida. Tun hantsi yake karatu har aka kira azahar. Babu wanda ya tafi.

Da ya rufe na ƙarshe ya ce, "Wa ya sa ka wannan aikin?"

"Babu kowa."

Ya miƙe ya ce wa direbansa ya mayar da kananzir. Majinyata a ware su, sauran duka su hau tudu yau, a sayar.

An yi Layya a Zango shekarar nan, jajayen raguna ne dai, amma da ƙafafunsu. Liman ya yanka nasa a filin Idi. Ragon Malam Zuberu ya mutu ranar jajibiri, don haka ba a zubar da jini a gidansa ba. Sai dai tun kafin la'asar kwanuka suka fara shigowa. Baba Sumaila da kansa ya kawo cinya guda a kafaɗa, ya ajiye, ya ce, "Har yanzu ina ganin ciyawa ma yana da laifi." Memuna ta rasa inda za ta shanya nama, har ta aro igiyata.

Likita bai tsaya nan ba, shi ma Malam Zuberu haka. Shekara huɗu suna maimaita gwajin, da raguna goma, da ashirin, a ɗakuna na ƙyalle da aka saya musamman. Kwalabe cike da ɗan magariba suka bi jirgin ruwa zuwa inda ake da madubin da ya fi namu. Daga baya aka buga bayanin cikin wata mujalla ta likitocin dabbobi a Turai, likita ya aiko da guda. Na riƙe ta a hannuna. Shafi tara ne, da zanen fitila da tasa da ƙyalle, kamar yadda suke a bakin rafinmu. Sunan likita yana sama. Sunan Malam Zuberu yana layin ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, inda ake godiya. Na Memuna babu shi ko'ina. Na ce masa wannan bai yi ba. Ya ce, "Ƙirgar daidai suka buga ta? To shi ke nan."

Tun daga nan wasiƙu suke zuwa daga ƙasashen da ban san inda suke ba, masu bincike suna tambayar tsayin sandunan, da irin sabulun, da wane wata ƙwarin suka fi yawa. Ɗaliban kwaleji masu koyon aikin gona sukan zo ran Asabar, su zauna a bencin koko su kwafi littattafan. Biyu daga cikinsu yanzu suna kafa tasu fitilar a arewa. Ɗaya ya gaya mini malaminsu ya ce babu inda aka taɓa ƙirga wannan ƙwaro shekaru masu yawa haka a jere, ba fashi, sai a bayan turken Kumasi.

Malam Zuberu, kai ne ka bi abin da ba ka taɓa gani ba har ka gane hanyarsa. Kai ne ka ce "kuskurena ne" a gaban jama'a, a ranar da kowa zai so ya ɓoye. Kai ne ka ɗaure ragonka inda ka san zai mutu, don na mutane su rayu. Na Memuna, mai fitila tun rana ba ta faɗi ba. Ke kuma Mma Memuna, da ke da matan da suka ba da matatansu, ga sunanku a nan, tunda can an manta.

Makon jiya na raka shi turke sayen ragon bana. Ba kaki a jikinsa, sai riga da hula kamar kowane tsoho. Ya saya, muka tsaya gaisawa da mutane a gangare, rana ta fara ja. Sai wani falke baƙo, wanda zuwansa Kumasi na biyu ke nan, ya ɗaga murya daga kan tudu, inda hayaƙi ke tashi.

"Baba! Kai mai farin rago! Hau da shi sama, kada ɗan magariba ya lalata maka Layya. Ba ka san garin nan ba ne?"

Na buɗe baki zan gaya masa da wa yake magana, Malam Zuberu ya taɓa hannuna. Ya tambayi baƙon, "Wa ya koya muku haka?"

"Koyarwa kuma? Ai haka ake yi tun kakanni."

"To, na gode," in ji Malam Zuberu. Ya ja ragonsa muka hau.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiya da hutu mai albarka. Ku kuma matasanmu da kuka yi karatun da ya fi namu, Layya tana ƙara nutsawa cikin damina, shekaru da dama nan gaba a cikin ruwa za a yi ta. Idon tsoho ya fara gajiya da ƙirga. Littafi na goma sha biyar an ci rabinsa, sauran shafukan farare ne, fitilar kuma tana rataye a bayan ƙofarsa da mai a ciki. Duk wanda ya zo bayan la'asar zai same shi a gida.